Waƙar bayan faifai: yadda ta faɗi sau biyu kafin na'ura ta tashe ta

Lamarin da za a bi a nan na waƙa guda ce, mai tsawon minti biyu da 'yan daƙiƙu, wadda ta shekara 17 tana neman kasuwa. Sau biyu aka fitar da ita da muryar mawaƙiya ɗaya, ko sau ɗaya ba ta leƙa jadawalin waƙoƙin da ke ciniki ba. A karo na uku wasu samari biyu da kamfani ke gab da sallama ne suka ɗauke ta. Suka cire makaɗan da ke cikinta kaf, suka rage mata gudu, suka ja ta har kusan minti 9, sai ga ta ta sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya a Birtaniya kaɗai. Sunanta "Tainted Love", wato gurɓatacciyar soyayya.

1964 zuwa 1965: an ajiye ta a baya

A Los Angeles aka ɗauke ta, a 1964. Ed Cobb ne ya rubuta ta kuma ya jagoranci aikin. Shi Cobb tsohon mawaƙi ne a ƙungiyar Four Preps, daga baya ya koma rubuta wa wasu waƙa da shirya musu faifai. Wadda ya ba ta rera, Gloria Jones, ba ta cika shekara 20 ba a lokacin. A coci ta koyi waƙa, muryarta kuma irin ta can ce, mai ƙarfi, mai cika ɗaki.

Maganar da ke cikin waƙar ba mai daɗi ba ce. Mutum ne soyayya ta zame masa ciwo, ya ba da duk abin da yake da shi, barci ya ƙaurace masa, yana so ya tattara nasa ya nasa ya gudu. Kiɗan da aka ɗora mata kuwa na biki ne, irin wanda kamfanin Motown na Detroit ya yi suna da shi a shekarun: ganga mai gudu, jita, kayan busa, da 'yan amshi mata a baya. Akwai wani abu ƙarami da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu, domin zai yi ta dawowa. A tsakiyar layi mawaƙiya takan tsaya, makaɗa su buga sau biyu tare, dam, dam, sannan ta ƙarasa maganarta.

Ƙaramin faifan garmaho na wancan zamani faɗinsa inci 7 ne, yana juyi 45 a minti, kowace fuska na ɗaukar waƙa ɗaya. Fuskar gaba ita kamfani ke kai wa gidajen rediyo ya kashe mata kuɗi. Ta baya ciko ce. A watan Mayu na 1965 wani ƙaramin kamfani mai suna Champion ya fitar da faifan, da wata waƙa daban a gaba, wannan kuma a baya. Ta gaban ba ta shiga jadawali ba a Amurka, ba ta shiga a Birtaniya ba. Ta bayan ta bi ta. Abin da ya rage na kwafin ya tafi rumbunan ajiya inda ake jibge faifan da ya yi kwantai.

1973: ta samu 'yan rawa, ba ta samu masu saye ba

Shekara takwas bayan haka, a garuruwan masaƙu da ma'adinan kwal na arewacin Ingila, akwai wasu matasa 'yan ƙwadago da suka ƙi sabon kiɗa. Abin da suke so shi ne tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka na tsakiyar shekarun 1960, masu gudu, kuma gwargwadon yadda waƙa ta faɗi a kasuwa har ta yi wuyar samu, gwargwadon darajarta a wurinsu. Wani mai shagon faifai a Landan, Dave Godin, shi ya raɗa wa abin suna Northern soul, saboda ya lura 'yan arewa ne ke shigo masa suna tambayar irin wannan kaya.

Masu saka faifai a gidajen rawar nan sukan tsallaka Amurka su tona rumbuna. Wanda ya dace da waƙar da ba kowa ke da ita ba yakan liƙe takarda a kan tambarin faifan, ya rubuta sunan ƙarya, don kada abokin sana'a ya gano ya nemo tasa. A irin wannan tafiya ce, a 1973, Richard Searling ya sayo kwafin faifan Gloria Jones. Ya juya bayansa. Ya fara saka waƙar a wani gidan rawa da ake kira Va Va's a Bolton, daga baya ya kai ta Wigan Casino, wani babban gidan rawa a garin Wigan.

Wigan Casino ya fara rawar kwana a watan Satumba na 1973. Da ƙarfe 2 na dare ake buɗe ƙofa, a tashi 8 na safe. Ba a sayar da giya a irin wannan dare, ko da yake sanannen abu ne cewa ƙwayoyin hana barci suna yawo. Yaro zai zo da jaka ɗauke da rigar canji da tawul, ya barbaɗa hoda a daɓen katako don ƙafa ta yi santsi, ya yi ta juyi shi kaɗai, ba ruwansa da abokiyar rawa. Inda kiɗa ya tsaya ya buga, ɗaki gaba ɗaya ya tafa hannu lokaci guda. Waƙa mai bugu biyu a tsakiyar layi kamar don wannan ɗakin aka ƙera ta.

Ta zama cikin waɗanda kowa ya sani a wannan da'ira. Sai dai kwafin asali kaɗan ne, abin da ke yawo a hannun jama'a yawanci bugun jabu ne da ba ya kai wa mawaƙiya ko marubuci ko kwabo. Wajen waɗannan gidaje kuwa ba wanda ya san da ita.

1976: gwaji na biyu, da muryar asali

A tsakanin nan Gloria Jones ba ta zauna ba. Ta yi aikin rubuta waƙa a Motown, tana cikin waɗanda suka rubuta wa Gladys Knight wata waƙa da ta yi kasuwa a 1970. Daga nan ta shiga ƙungiyar T. Rex ta Ingila a matsayin 'yar amshi da mai buga fiyano, ta kuma zama abokiyar zaman jagoran ƙungiyar, Marc Bolan, suka haifi ɗa a 1975.

Da labarin abin da ke faruwa a Wigan ya iso mata, aka yi abin da kowa zai yi tunani. Ga mai waƙar da kanta a Ingila, ga babban kamfani, EMI, ga Bolan da sunansa ya isa ko'ina yana jagorantar aikin. A 1976 ta sake ɗaukar waƙar, ta shiga kundinta mai suna Vixen, aka kuma fitar da ita a ƙaramin faifai, wannan karon a fuskar gaba. Tsarin bai yi nisa da na da ba: makaɗa na hannu, gudu, murya mai ƙarfi, sai dai sautin ya fi tsabta. Ba ta shiga jadawali ba.

Ranar 16 ga Satumba, 1977, motar da Jones ke tuƙawa ta yi haɗari a unguwar Barnes ta Landan. Bolan ya mutu nan take, ita ta ji mummunan rauni. Ta koma Amurka. Daga ɓangarenta maganar waƙar ta tsaya a nan.

1978 zuwa farkon 1981: samari biyu da damar ƙarshe

Marc Almond ɗan Southport ne, David Ball ɗan Blackpool, duka garuruwan bakin teku a arewa maso yammacin Ingila. A makarantar fasaha ta Leeds suka haɗu, suna karatun zane da wasan kwaikwayo, suka kafa ƙungiya ta mutum biyu mai suna Soft Cell. Almond ke waƙa, Ball ke sarrafa na'ura. Ba mai ganga, ba mai jita.

Na'urar ita ce sintesaiza, akwati mai madannai kamar na fiyano wanda ke ƙirƙirar sauti daga wutar lantarki. Wanda ya taɓa shiga ƙaramin situdiyo a Kano ya ga mutum ɗaya da fiyano ɗaya yana fitar da ganga da algaita da goge, to jikan wannan akwatin ya gani. A ƙarshen shekarun 1970 ne farashinta ya sauko har ɗalibi zai iya sayen ƙarama ta kamfanin Korg ko Roland, kuma tun da Gary Numan ya hau kan jadawalin Birtaniya da ita a 1979, kamfanoni suka fara neman masu irin wannan kiɗa.

A 1980 samarin suka buga ƙaramin faifai na kansu, kwafi 2,000, da rancen da mahaifiyar Ball ta ba su. Wani matashi da ake kira Stevo, wanda ke da ɗan kamfani mai suna Some Bizzare, ya ɗauke su ya haɗa su da babban kamfanin Phonogram. A farkon 1981 aka fitar da waƙarsu "Memorabilia", wadda su suka rubuta ta, Daniel Miller ya jagoranci ɗauka. Gidajen rawa sun karɓe ta har a New York. Shaguna ba su sayar ba, jadawali bai gan ta ba. Phonogram ya nuna musu cewa faifai ɗaya ya rage: in bai yi ba, kowa ya kama gabansa.

Su biyun sun san Northern soul tun kafin su san na'ura. Ball ya taso a Blackpool, inda ɗaya daga manyan gidajen wannan rawa yake. Almond ya yi aikin karɓar ajiyar riguna a wani gidan rawa a Leeds, yana jin abin da ake sakawa dare bayan dare. Sun riga sun fara rera tsohuwar waƙar Jones a wasanninsu, suna rufe taro da ita. Akwai wata ta Frankie Valli da suka yi tunanin ɗauka a madadinta, suka bar ta. Suka yanke shawarar kashe damarsu ta ƙarshe a kan waƙar da ta riga ta faɗi sau biyu.

Tsakiyar 1981: kwana ɗaya da rabi a situdiyo

Kamfani ya ba su furodusa Mike Thorne, aka shiga situdiyon Advision a Landan. Aikin ya ɗauki kwana ɗaya da rabi. Ball ya zo da ƙananan na'urorinsa na Korg, aka jona akwatin ganga mai bugu da kansa, Thorne kuma ya kawo tasa na'ura, Synclavier, wadda a lokacin tsadarta ta fi ƙarfin yawancin mawaƙa.

Canji na farko gudu ne. An rage shi. Har yanzu ana iya rawa da ita, amma ba irin tseren Wigan ba. Na biyu matakin murya. Jones a sama take rerawa. Aka sauko da waƙar daga matakin da makaɗan Turai ke kira C zuwa G, don ta zauna daidai maƙogwaron Almond. Na uku, aka kwashe kayan busa da jita da 'yan amshi mata. Abin da ya rage shi ne wani kauri mai gurnani a ƙasa, da bugun akwatin ganga wanda ba ya gaba ba ya baya, da fili mai yawa a tsakani.

Bugu biyun nan na makaɗan Los Angeles bai tafi ba. An mayar da shi wani siririn sauti na ƙarfe, kamar an ƙwanƙwasa kwano da cokali a ɗakin da ba kowa, kuma aka fito da shi farkon waƙar tun kafin a ji murya. A faifan 1965 ado ne a cikin taron kayan kiɗa. A nan ya zama alamar waƙar: daƙiƙa biyu mutum zai ji ya san mece ce.

Sai murya. Almond ya shiga ya rera sau ɗaya don a gwada makirfo a daidaita matakin sauti, na'urar ɗauka tana tafiya. An sake wasu ɗaukan bayan haka, amma ta farkon aka bari a faifai. Wanda ya saurara da kyau zai ji wuraren da muryar ta ɗan zame daga kan layi, da wuraren da numfashi ya kusa ƙare masa. Ba a gyara ba.

Faifan inci 12

A nan sai an ɗan koma baya. A tsakiyar shekarun 1970, a New York, wani mai suna Tom Moulton ya lura cewa waƙar minti uku tana ƙarewa daidai lokacin da jikin 'yan rawa ya fara ɗumi, sai fili ya watse. Ya fara yanka tef da reza yana liƙawa, yana maimaita wuraren da kiɗa ya fi daɗi, yana cire murya ya bar ganga ita kaɗai na ɗan lokaci sannan ya dawo da komai. Wata rana ƙananan faifan gwaji suka ƙare a wurin da ake yanka masa, injiniyan ya zuba masa waƙa ɗaya a kan babba. Da aka baza layin allura a kan fili mai faɗi, sai sautin ya fito da ƙarfi da kauri fiye da yadda aka saba. A 1976 kamfanin Salsoul ya fara sayar da irin wannan faifai a shago, inci 12, waƙa ɗaya doguwa a fuska guda. Zuwa 1981 duk wanda ke son gidajen rawa su san da shi sai ya yi.

Yawancin dogon haɗi na lokacin miƙa waƙa ake yi kamar roba: a tsawaita shiga, a tsawaita tsakiya, a tsawaita fita. Samarin nan da Thorne wata hanya suka bi. Doguwar suka gina tun farko a matsayin abu ɗaya, gajeriyar daga jikinta aka yanko. Bayan an gama baitocin waƙar Cobb, kiɗan ba ya tsayawa. Murya ta janye, kaurin ƙasa da akwatin ganga su ci gaba su kaɗai na tsawon lokaci, sautuka su riƙa zuwa suna wucewa, har mai saurare ya manta inda aka dosa. A hankali kaurin ya canza taku, sai muryar ta dawo da wata waƙa daban: "Where Did Our Love Go", wadda Supremes, wata ƙungiyar mawaƙa mata ta Amurka, suka yi wa Motown.

Abin lura, waƙoƙin biyu sa'o'in juna ne, duka na 1964. Ɗaya ta kwanta a rumbu, ɗayar ita ce ta fara kai Supremes saman jadawalin Amurka. Kuma maganarsu kishiyar juna ce. A ta farko mai magana yana cewa ya gaji, tafiya zai yi. A ta biyu yana roƙo kada a tafi a bar shi. Da aka jera su da murya ɗaya a kan kiɗa ɗaya, sai suka zama labarin mutum guda a dare guda: ya yi cika baki da farko, kafin asuba ya karaya. Ba Cobb ne ya rubuta wannan labarin ba, ba kuma marubutan Motown ba. Daga ɗinkin ya fito. Tsawon duka kusan minti 9.

A ƙaramin faifai kuwa aka raba su: ta Cobb a gaba, ba ta kai minti uku ba, ta Supremes a baya.

Yuli 1981 zuwa 1982: sakamako

An fitar da faifan a watan Yuli na 1981. Gidajen rawa suka fara ɗauka da doguwar, rediyo ya biyo da gajeriyar. A watan Agusta aka gayyace su shirin Top of the Pops na BBC, wanda iyalai ke kallo da yammacin Alhamis. Almond ya fito cikin baƙaƙen kaya, ido ya sha kwalli, hannu cike da awarwaro, Ball na tsaye a bayansa kan na'ura ko motsi ba ya yi. Wasu iyaye sun ji haushi. 'Ya'yansu sun tafi shago.

A farkon Satumba waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta yi mako biyu a wurin. Cinikinta ya wuce kwafi miliyan ɗaya, tana cikin biyun da suka fi kowace sayuwa a ƙasar a wannan shekara. Ta yi na ɗaya a Jamus ta Yamma da Kanada da Ostareliya da wasu ƙasashe. A Amurka tafiyar hawainiya ta yi. Ta shiga jadawalin Billboard, babban jadawalin waƙoƙin ƙasar, a Janairun 1982, ta yi mako 19 kafin ta shiga cikin 40 na sama, ta tsaya a matsayi na 8 a tsakiyar shekara. Jimilla ta yi mako 43 a jadawalin, abin da babu waƙar da ta taɓa yi kafin nan. Gidajen rediyon can da yawa wani yanki na doguwar suka riƙa sakawa, mai ɗauke da waƙoƙin biyu.

Wigan Casino ya yi rawar kwanansa ta ƙarshe a Disambar 1981, wata uku bayan waƙar da ya raya ta hau saman jadawali da kayan da 'yan gidan ba su ɗauka kiɗa ba ne.

Kamfani bai sallami samarin ba. Waƙoƙi huɗu da suka biyo baya duk sun shiga cikin biyar na sama a Birtaniya, uku nasu ne na kansu, ɗaya kuma wata tsohuwar ta Northern soul ce. Wasu ƙungiyoyi ma suka bi sawu, suna ɗora tsofaffin waƙoƙi a kan na'ura. Naked Eyes sun ɗauki tsohuwar waƙar Burt Bacharach da Hal David suka kai ta cikin goma na sama a Amurka a 1983. Communards sun yi waƙar da ta fi kowace ciniki a Birtaniya a 1986 da wata tsohuwar waƙar mawaƙan birnin Philadelphia na Amurka. Pet Shop Boys sun ɗauki wata mai sanyi da Elvis Presley ya rera, suka mayar da ita ta rawa, ta yi na ɗaya a Birtaniya a Kirsimetin 1987, shekarar da ta biyo baya kuma suka fitar da doguwarta mai minti 9.

Lissafin da ba a yi ba

Kuɗin faifai hanya biyu yake bi. Akwai kason wanda ya rera, wanda kamfani ke biya bisa yarjejeniya, bayan ya cire abin da ya kashe. Akwai kuma kason wanda ya rubuta. A dokar Birtaniya ta lokacin, da zarar waƙa ta fita kasuwa kowa na iya sake rera ta ba tare da ya nemi izini ba, muddin za a biya mai ita kashi 6.25 cikin ɗari na farashin kowane faifai. Wannan kaso ana raba shi tsakanin fuskokin biyu, kuma ba a tambayar wace fuska ce ta jawo mai saye. Shi ya sa masu wayo, in sun ɗauki waƙar wani a gaba, sukan saka tasu a baya, ko da shirme ce, su kwashi rabi.

Samarin nan waƙar wani suka saka a gaba, waƙar wasu a baya. Rabin kason ya tafi wurin Cobb da kamfanin da ke kula da haƙƙinsa, rabin ya tafi Motown. Haka ma kuɗin da rediyo ke biyan marubuta duk lokacin da aka saka waƙa. Daga baya su da kansu sun sha faɗa a hira cewa wannan kuskure ya jawo musu asarar dukiya mai yawa. Mutum zai so ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai gardin nan shi ya haifi kurar tun 1964. Wadda ba ta shiga rabon ba ko ta wace ƙofa ita ce Gloria Jones, tun da ba ita ta rubuta ba kuma ba muryarta ke kan sabon faifan ba.

Waƙar ta kuma zame musu ƙarfen ƙafa. Akwai lokacin da suka daina rera ta a wasanni, jama'a na kira suna ƙi. A 1984 suka rabu. A 1991 aka sake haɗa ta da sabon kiɗa aka fitar, ta koma cikin biyar na sama a Birtaniya.

Me ya yi aiki, kuma me ya sa

Abu mafi sauƙi shi ne a ce na'ura ce, sabon sauti ne ya ja mutane. Ban yarda wannan ya isa bayani ba. Kafin 1981 an riga an yi ta ɗora tsofaffin waƙoƙi a kan sintesaiza. Daniel Miller da kansa ya yi kundi sukutum na irin wannan a 1980 da sunan Silicon Teens, 'yan ƙungiyar Human League ma sun gwada a kundinsu na 1979. Yawancin waɗannan da murya mai sanyi aka yi su, kamar mawaƙin na kwaikwayon na'urar, ko kuma yana yi wa tsohuwar waƙar dariya a ɓoye. Mai saurare yakan yi murmushi sau ɗaya ya wuce.

A ganina matsalar waƙar tun farko ita ce maganarta da kiɗanta ba sa tafiya tare. Jones tana rera ciwo da muryar wadda ta riga ta yi nasara. In ta ce za ta tafi, ka san ta ɗauki jakarta. Kiɗan kuma yana gudu har ba a tsayawa a ji me aka ce. Wannan ya yi wa Wigan daidai, domin can ƙafa ke saurare. Gwajin 1976 ya faɗi ne saboda ya gyara abin da bai lalace ba. 'Yan Wigan tsohon faifan suke so, da tsufansa da wuyar samunsa, sabon bugu mai tsabta ba ya burge su. Sauran jama'a kuwa ba a ba su wani sabon dalilin saurare ba.

Rage gudu da kwashe makaɗa sun buɗe fili, maganar ta fito. Sannan aka saka a filin muryar da ba ta da tabbas, mai rawa, ta mutumin da ke cewa zai tafi amma ba ka yarda zai iya ba. Na'urar ba ta tausaya masa, bugunta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma wannan rashin tausayi ne ya sa rauninsa ya fito fili. Da Thorne ya zaɓi ɗauka ta biyar mai santsi, ina zaton da an samu waƙa mai kyau da ba za ta kai Satumba ba. An ruwaito Jones da kanta tana cewa ta samarin ta fi tata, kuma abin da ta ambata shi ne yadda muryar Almond ke ɗauke da ciwon.

Doguwar kuma ita ta ba waƙar numfashi. Mai saka faifai ya samu minti 9 da zai riƙe fili da su, shi ya sa ta yi ta zama a gidajen rawar Amurka wata da watanni kafin rediyo ya waiwaye ta, kuma mako 43 ɗin nan daga can suka samo tushe. Amma ɗinkin da ya ba ta wannan ƙarfi shi ne ya cinye kuɗin. Da sun ajiye waƙar Supremes a babban faifai kaɗai, suka saka tasu a bayan ƙarami, da ba abin da ya ragu a kunnen kowa. Wannan ɓangaren sakaci ne na matasan da ba su da mai ba su shawara, kuma kamfanin da ya san lissafin bai ga dalilin tuna musu ba.

A 2006 Rihanna ta yi na ɗaya a Amurka da "SOS", wadda aka gina a kan yankin faifan 1981, har da ƙwanƙwasar kwanon nan biyu. A jerin marubutanta akwai sunan Ed Cobb, wanda ya rasu tun 1999. Babu na Almond, babu na Ball.